Inda Sanin Jagora Ya Ƙare: Nazarin Wata Tafiyar Ƙasa a Karkarar Zariya

Zariya gari ne da Allah ya ajiye wa abin kallo a bakin ƙofa, amma yawancin mazaunansa ba su taɓa taka ƙafa sun je sun gani ba. Mutum zai shekara ashirin yana koyarwa a Samaru ko yana kasuwanci a Sabon Gari, kullum yana hango Dutsen Kufena ta gilashin mota, bai san akwai ragowar tsohuwar ganuwa a gindinsa ba, bai kuma san sunan tsuntsu ko ɗaya cikin masu kwana a kogwanninsa ba. Wannan ne ya dami wani malamin sakandare mai koyar da ilimin ƙasa, har ya fara tara mutane kaɗan-kaɗan, ana fita karkara da ƙafa a ƙarshen mako, da jagora, a kwana a ƙauye, a ga itatuwa da tsuntsaye da 'yan namun dajin da suka rage.

Abin da zan bi diddiginsa a nan shi ne ranar da 'yan sintirin wani ƙauye suka tare ayarin, da abin da ya jawo haka, da yadda aka sake wa tafiyar fasali daga baya. Ina cikin ayarin a ranar, kuma na zauna a tattaunawar da ta biyo baya. Na sakaya sunayen mutane da na ƙauyuka da gangan. Babu wanda ya yi abin kunya a cikinsu, kuma ba na son a maƙala wa wani gari sunan da bai cancanta ba.

Ƙasar da ake takawa

Wanda ya ji an ce yawon ganin namun daji, hankalinsa Yankari yake tafiya, ko gandun Kamuku na Birnin Gwari da ya zama na tarayya a 1999. A can akwai ƙofa, akwai tikiti, akwai ma'aikaci mai kaki da zai raka ka. Karkarar Zariya ba haka take ba, kuma duk lamarin nan a kan wannan bambancin ya rataya.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ja-ja, da duwatsu tsaitsaye jefi-jefi: Kufena ta yamma kusa da Wusasa, Madarkaci a cikin ganuwar birni, Tukur-Tukur, sai can kudu duwatsun Turunku inda Zazzagawa suka zauna kafin a dawo nan. Ruwan sama yakan fara a Mayu ya ɗauke a Oktoba, kimanin milimita 1,000 ko sama da haka a shekara. Kubanni da Saye suna gangarawa Galma, Galma kuma ta kai ruwanta Kogin Kaduna. A gefen waɗannan ruwaye fadamu suke, inda ake rake da shinkafa, da rani kuma tumatur da albasa da attarugu. Tudun kuwa masara ce da dawa da waken suya.

Itatuwan da ke tsaye a gonakin nan ba tsira suka yi don kansu ba. Zaɓar su aka yi aka bari. Ɗorawa don kalwa, kaɗanya don mai, tsamiya don kunu, kuka don miya, gawo don yana zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ke neman abin ci. Kowace bishiya da mai ita, wani lokaci ma mai bishiyar daban, mai gonar daban. Hanyar ƙafar da ta ratsa tsakanin kunyoyi da masu ita. Rijiyar bakin fadama da wanda ya haƙa. Burtali na makiyaya ne, kuma sun san iyakarsa taku-taku. A Ingila doka ce ta ba kowa damar bin wasu hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin mutane, har da alamu a kafe. Mu a nan al'ada ce ta ba da hanya, ita kuwa al'ada wanda ta sani take ba wa. Babu taki guda a karkarar Zariya da za a ce daji ne na Allah da ba shi da mai shi.

Malamin, maharbin, da baƙinsu

Malamin ya fara ne da hawan Kufena da asuba, a sauko kafin rana ta yi zafi. Daga saman dutsen ana ganin birni da rimayensa, da Wusasa da tsohon cocinta, ginin laka da aka yi a 1929, da dogon ginin Jami'ar Ahmadu Bello can a Samaru, wani lokaci da ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi. Mutane suka ji daɗi, suka nemi ƙari. Daga nan aka tsara tafiya mai kwana: a tashi Juma'a bayan la'asar, a dawo Lahadi da hantsi. Ya ƙayyade ayari kada ya wuce mutum takwas. Hujjarsa mai ƙarfi ce: fiye da haka, na baya ba ya jin abin da jagora ke faɗa, kuma tsuntsu ba ya tsayawa jiran taro.

Masu zuwa 'yan gari ne. Malaman makaranta, ɗaliban jami'a, wata Hajiya ma'aikaciyar jinya, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa wanda likita ya umarta da yawan tafiya saboda ciwon suga. Ba Turawa ake jira ba, kuma a ganina nan ne malamin ya fi yin daidai. Yawon buɗe idon da ya dogara da baƙon waje yakan mutu ranar da wata ƙasa ta gargaɗi mutanenta kada su zo. Wanda ya dogara da mutanen Tudun Wada da Kongo da Hanwa yana da sauran numfashi.

Jagoran kuwa wani tsohon maharbi ne na wani ƙauye a kudu maso yammacin birni, kowa Baba yake ce masa. Shi ne dukiyar tafiyar. Ba don shi ba, abin da za a gani kara ne da ƙura. Na ga ya tsaya a kan wani falalen dutse ya nuna wani farin zane da ya gangaro daga bakin kogo, ya ce fitsarin rema ne, shekara da shekaru a wuri guda suke yi. Ya tsuguna ya tsinci 'yan ƙwayoyin kashinta, ya murza ɗaya a yatsa, ya ce na jiya ne, suna nan, mu zauna mu yi shiru. Muka zauna. Da rana ta bugi dutsen sai ga su sun fito shan hantsi. A yashin rafi ya nuna mana jan wutsiyar guza tsakanin sawun farata, da ɗan ramin da fakara ta yi wankan ƙura. Ya bayyana yadda macen cilakowa ke shiga kogon itace a toshe bakin, a bar 'yar kafa, mijin yana miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Ya nuna sheƙar shamuwa a kan kuka, wayam, ya ce sun yi kudu, sai ruwa ya kusa za su dawo. A wata gona ya tona ƙasa da ƙafa ya ɗago baƙin dunƙule mai nauyi, kashin ƙarfe, shaidar cewa an taɓa narka tama a wurin. Masu binciken kayan tarihi na jami'a sun haƙo irin waɗannan matoyan ƙarfe a yammacin Samaru, amma Baba ba a littafi ya sani ba, garmar mahaifinsa ce ta riƙa tono su.

Abu ɗaya da yake yawan nanatawa shi ne ungulu. Ya ce da ƙuruciyarsa ba a yanka a mahauta sai sun cika bishiya, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa. Tun 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don magani na cikin manyan dalilai a ƙasar nan.

Ranar Asabar ɗin

Farkon hunturu ne, an gama yankan dawa, shanu sun fara shiga gonaki cin kara. An kwana a zauren mai unguwar ƙauyen su Baba, lafiya lau. Malamin ya riga ya je ya gai da dagacin wannan ƙauye tun mako guda kafin nan, kuma yana ɗauke da takarda mai hatimin makarantarsu da ke bayanin ko su wane ne. A tunaninsa an gama da batun izini.

Da safe aka bi fadama, aka tsallaka wani rafi da ruwansa bai kai gwiwa ba. Babu wanda ya lura cewa rafin nan shi ne iyaka tsakanin ƙasar dagatai biyu. Baba ya sani, amma shi a wurinsa ba wani abu ba ne, tun yana saurayi yake tsallakawa da karnukansa. Sai dai rabonsa da wannan gefen ya daɗe, kuma samarin da ke tsaron garin yanzu ba a haife su ba lokacin da sunansa ke tashe.

Wajen hantsi aka iso bayan gari. Wani ɗalibi ya hango cilakowa a kan ɗorawa, ya ɗaga kyamara mai dogon baki. Ɗorawar tana bayan dangar wani gida, a gindinta kuma mata na sussuka. Mutum biyu suka ɗaga madubin hangen nesa suka nufi wuri guda. Wani yaro da ke kiwon awaki ya kalle mu, ya bar awakin ya sheƙa cikin gari. Ba a jima ba sai ƙarar babura. Samari ne da bindigogin toka da gora da adduna, suka kewaye mu. Ba su taɓa kowa ba. Babbansu ya ce a miƙo wayoyi da kyamara, a wuce gaban dagaci.

A ƙofar gidan dagaci aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Gari ya taru. Dagacin ya gaishe mu a natse, sannan ya dubi malamin.

"Malam, daga ina, kuma wa ya aiko ku?"

"Ranka ya daɗe, daga Zariya muke. Babu wanda ya aiko mu. Tsuntsaye da itatuwa muka zo kallo."

Wani daga cikin samarin ya ce, "Ku baro Zariya da ƙafa, da motocinku a gida, don kallon tsuntsu?"

Malamin ya miƙa takardarsa. Aka ba wani malamin firamare ya karanta ya fassara. Dagacin ya saurara har ƙarshe, ya mayar da ita, ya ce, "Malam, takarda kowa na iya rubutawa. Ni mutum nake tambaya. Wa ya san ku a garin nan?"

Abin da ya ƙara dagula lamarin wayar malamin ce. Yana amfani da wata manhaja mai zana hanyar da aka bi, kuma ya ɗiga alamu a taswirar da sunaye: rijiya, ruga, mashigar rafi, kukar da ke bayan gari. Shi don darasi ya yi su. Amma wanda ya kwana yana gadin garinsa, ya ga taswirar da ta nuna mashiga da mafita da inda shanu suke, abu ɗaya zai zo masa a rai. Kalmar infoma ta fara yawo a bakin taro, kuma kowa a ƙasar nan ya san abin da ke iya biyo bayan wannan kalma.

Abu biyu suka kwance ƙullin. Baba ya matso ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan wane ne na tsallaken rafi, jikan wane." Wani tsoho da ke jingine da bango ya ɗago kai, ya tambaye shi sunan kakarsa ta wajen uwa, ya faɗa, tsohon ya ce lallai ya san gidan, har ma akwai auratayya. Aka kira dagacin ƙauyen su Baba a waya, ya tabbatar da cewa a garinsa muka kwana. Na biyun kuma Hajiya ce. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in shiga in gai da matan da aka ɗauka hoto, in ba su haƙuri." Ta shiga da kyamarar, ta nuna musu hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsun ne a tsakiya, amma a biyu daga ciki an ga mata a ƙasa, ɗaya ba mayafi. Aka goge a gabansu. Ta daɗe a ciki, har ta duba wani jariri mai zazzaɓi ta ce a kai shi asibiti a ranar.

Sai bayan la'asar aka sallame mu, da fura da ban-haƙuri daga kowane ɓangare. Dagacin ya haɗa mu da samari biyu suka raka mu bakin titi. Tafiyar ta ƙare a nan.

Me ya jawo haka

Da aka zauna bitar abin, wasu daga cikin ayarin sun fusata. Suka ce ƙauyanci ne, mutum da 'yancinsa a ƙasarsa. Ban yarda da su ba, har yanzu ban yarda ba.

Mutanen garin nan suna da dalilin tsoro, kuma ba ɗaya ba. Shekarun nan ƙasar Giwa da Birnin Gwari sun sha hare-haren 'yan bindiga, gefen Zariya ma bai tsira daga masu garkuwa da mutane ba. A 2021 sai da gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, ta kuma hana hawan babura na wani lokaci. Kowane ƙauye ya ji labarin baƙon da ya zo da fara'a yana tambayar hanya, bayan kwana kaɗan aka shigo da dare. Daga baya muka ji cewa a wannan garin ma an ɗauki wani magidanci a daminar da ta wuce, sai da aka sayar da gona da shanu aka karɓo shi. Ga kuma tsoro na biyu da mutanen birni ba sa tunawa da shi: fili. Zariya na faɗaɗa, gonaki na komawa fulotai. Manomi ya ga masu takalman kanti suna leƙa na'ura suna rubutu a gefen gonarsa, safiyo zai ɗauka, ya ga gadon ubansa na shirin tafiya. Na uku shi ne mutuncin gida. Ɗaga kyamara ta saman danga, ko da tsuntsu ake nufi, shiga gidan mutum ne ba sallama.

Amma duk waɗannan yanayi ne. Ainihin kuskuren tsari shi ne an ɗauka jagora ɗaya ya isa tafiya duka. An haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: sanin daji da sanin mutane. Sanin Baba na rema da guza bai tsaya a rafi ba, ko'ina ya je yana tare da shi. Amma fuskarsa, wato abin da ke sa a gan shi da baƙi a ce bari, na gida ne, wannan a bakin rafin ta ƙare. Takardar makaranta kuwa an rubuta ta ne don jami'in gwamnati, ba don mutumin da ke son ya san wanda zai kama idan wani abu ya faru ba.

Kakanninmu fatake sun san wannan sarai. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba, amma duk da haka a kowane zango sai an nemi mai masauki, an gai da sarkin gari, an biya abin da ake biya. Madugu bai taɓa cewa sanin hanyarsa ya ɗauke masa neman ɗan gari ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kowane gari da nasa ɗan.

Yadda aka sake tsarin

Malamin ya dakatar da tafiya mai kwana har ƙarshen wannan hunturun. Ya koma garin da aka tare mu, shi da Baba, da goro, ba kyamara ba waya a hannu. Ya nemi dagacin ya ba shi mutum. Haka ya bi duk ƙauyukan da hanyar ta ratsa, ya kuma je rugar da ke gefen burtali ya gai da Arɗo, wanda da farko ba a ma sa shi a lissafi ba, alhali makiyaya sun fi kowa ganin wanda ya wuce a daji. An sanar da hakimi, an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin.

Yanzu tafiyar miƙa-hannu ce. Baba yana nan daga farko har ƙarshe a matsayin mai bayani, amma kowane gari da ɗan rakiyarsa da dagaci ya zaɓa. Shi zai tarbi ayari a iyakar garinsu, ya shiga gaba, ya yi sallama ga duk wanda aka tarar a gona, ya kai su ɗaya iyakar ya damƙa wa na gaba hannu da hannu. Idan ɗan rakiyar gaba bai zo ba, ba a tsallakawa. An taɓa juyawa saboda haka, baƙi suna gunaguni, malamin bai sassauta ba.

Kyamara ba ta fita daga jaka a kusa da gidaje. Ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa, mata kuwa sai mace ce za ta nema. An daina ɗiga alamu a taswirar waya. Madubin hangen nesa, wanda shi ya fi tayar da hankali, shi ya zama abin sulhu: duk inda aka tsaya, ana fara miƙa wa mutanen wurin su leƙa. Na ga wani manomi ya kafa shi a kan belbelar da ke bin shanu, ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce shekara hamsin yana ganinta bai san idonta rawaya ne ba.

Wurin da aka fi kai ruwa rana shi ne sanarwa. Idan ba a gaya wa gari ana zuwa ba, a maimaita abin da ya faru. Idan kuma aka yayata rana da hanya, labari na iya kaiwa kunnen da ba a so, ga ayarin ma'aikata da ake ganin suna da abin fansa. Matsayar da aka cimma ita ce liman ya sanar bayan sallar Juma'a cewa akwai baƙin dagaci da za su riƙa wucewa a wannan watan, amma takamaimiyar rana dagaci da ɗan rakiya kaɗai ake gaya wa, da daren jajibiri. Ba a sa komai a Facebook ko WhatsApp sai an dawo gida. Ba a kwana sai a garin da ke kusa da kwalta. Kuma duk dagacin da ya ce kada a zo wannan makon, ba a tambayarsa dalili. Wannan bai kawar da haɗari ba, rage shi ya yi, kuma ana faɗa wa duk mai son zuwa haka ƙarara kafin ya biya. An ƙara da dokar takalmi mai rufi da dogon wando saboda kububuwa da kasa, da mai babur da ke jiran kira idan ana bukatar kai wani asibitin koyarwa na Shika.

Kuɗi, da abin da ya biyo bayansa

Sabon tsarin ya ƙara tsada. Da jagora ɗaya ake biya, yanzu ga 'yan rakiya, ga matan da ke dafa tuwo da kunun safe, ga mai zauren da ake kwana, ga ɗan abin da ake ajiyewa don makarantar gari ko masallaci. Wasu sun janye, suna cewa yaya za a biya kuɗi don tafiya da ƙafa. Amsar da nake ba su ita ce ba tafiyar ake saya ba. Ilimin da Baba ya tara a shekara sittin ake saya, da sunan da ɗan rakiya ya jingina a kanmu, wanda idan muka yi ɓarna shi za a tuhuma bayan mun koma gidajenmu. Mun saba biyan mai digiri don ya yi mana bayanin abin da ya karanta, mu ba maharbi na goro don abin da ya gani da idonsa. Wannan rashin adalci ne, kuma malamin ya gyara shi: kason Baba ne mafi tsoka a cikin abin da ake rabawa. Ana kuma ba da kuɗin gari a bainar jama'a, a faɗi adadinsa, don kada a bar dagaci da zargi.

Sai wata matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A wata tafiya yara suka kawo 'yan tsuntsayen nan, tsada, guda biyu a kejin kara. Wata baƙuwa ta ji tausayi, ta saya ta sake su. Zuwa na gaba yara suka tarbe mu da keji-keji, da 'yar bushiya a kwali, da ɗan kurciya da aka ciro daga sheƙa ko gashi bai gama ba. Tausayi ya buɗe kasuwa. Dole aka kafa doka cewa ba a sayen kowace dabba, ko don a sake ta, kuma ɗan rakiya ne ke gaya wa yaran, ba baƙo ba. Ya ɗauki lokaci kafin abin ya lafa. A madadinsa malamin ya kai wa makarantar firamaren littattafan rubutu, yara na rubuta sunayen tsuntsayen da suka gani da inda suka gan su, ana karantawa idan ayari ya zo.

Akwai kuma masu ganin bai dace maharbi ya jagoranci masu son namun daji ba. Baba bai daina harbi ba, bai kuma ɓoye ba. Yana da nasa ƙa'idojin: ba ya harbi da damina lokacin da dabbobi ke da ciki ko 'ya'ya, kuma da bakinsa ya ce ya bar remar dutsen nan tunda ga abin da take kawo masa tana raye. Ni ban ga hurumin wanda ya ƙoshi a birni ya yi masa wa'azi ba. Abin da ke cinye namun dajin Zariya ya fi bindigarsa girma: gawayi, da fasa dutse da ake yi har a jikin Kufena duk da tana cikin wuraren tarihi na ƙasa, da gonaki da gidaje da ke haɗiye sauran kurmi.

Halin da ake ciki yanzu shi ne an rufe hanyar yamma gaba ɗaya bisa shawarar dagatan yankin, ana bin ta kudu da ta gefen Galma. Ɗan rakiyar garin da aka tare mu ɗaya ne daga cikin samarin da suka zo a babur ranar nan. Ya san kowace gona da mai ita, amma bai san tsuntsu ba, idon Baba kuma ya fara rauni. Malamin ya fara ɗaukar bayanan tsohon a waya, yana kuma biyan saurayin wani abu don ya riƙa bin sa ko ranar da babu baƙi. Ana son a gwada tafiyar farkon damina don a ga dawowar shamuwa, sai dai a lokacin shuka ta fito, hanyoyi sun matse, kuma taku ɗaya a kan kunya na iya jawo rigima. Dagatai biyu sun amince da sharaɗin a bi layi ɗaya kuma kada a wuce mutum biyar. Na ukun ya ce a bari ya yi shawara da manomansa tukuna.